Gudun daji a kwazazzabon Assop: mu tafi Filato ko mu tsaya a koramun gida?

Abba Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Akwai wata shawara da na daɗe ina juyawa a raina, yau dai na ce bari in ajiye ta nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Kullum gudunmu ɗaya ne, daga Ring Road sai filin wasa na Karkanda a nan Katsina, kwalta dai kwalta, to mi zai hana bayan damina mu haɗa kuɗin mota mu tafi Filato mu gwada gudun daji na gaske, irin wanda ake bin turbar ƙafa cikin kwazazzabo, ruwa na gudu a ƙasa, itatuwa sun rufe sama? Wurin da nake tunani shi ne Assop, can wajen Hawan Kibo a kan hanyar Jos zuwa Abuja, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Duk wanda ya san wurin don Allah ya yi mana bayani.

Nura: Wa alaikumus salam. Abba gaskiya ni ban goyi baya ba. Kuɗin mota daga Katsina zuwa Jos yanzu ba wasa ba ne, ga masauki ga abinci, duk don mutum ya je ya yi gudun awa biyu? Sannan rabinmu nan ko tudun wata gada muka hau haki muke, ina mu ina dutsen Filato

Abba Ƙofar Ƙaura: Shi ya sa na kawo maganar tun yanzu ai Nura, akwai lokacin shiri

Nura: Shiri a ina? Nuna mani tudu ɗaya a cikin garin nan da za a yi shirin a kansa

Baba Lawal: Salamu alaikum yarana. Nura ya yi tambaya mai kyau, kada a yi saurin ture ta. Na koyar da wasanni a makarantar sakandare har na yi ritaya, kuma abin da zan faɗa maku shi ne gudun kwazazzabo da gudun kwalta ba abu ɗaya ba ne sam, sunan kawai suka haɗa. A kwalta ƙafarka tana sauka iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kana iya sakin hankalinka ya tafi wani wuri. A turbar dutse kowane taku daban yake, nan saiwar itace, nan tsakuwa mai mirginawa, nan dutse mai santsi, idon sawunka ne ke aikin da bai saba ba. Mutane suna jin tsoron hawa, amma ni sauka na fi ji maku. Hawa numfashi yake ci, in ka tsaya ka huta ya dawo. Sauka kuwa cinya take ci, domin naman gaban cinya shi ke riƙe nauyin jiki duk taku kamar birkin mota a gangare, ranar ba za ka ji komai ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ka ga ko ruku'u da kyar kake yi. Kuma mafi yawan targaɗe a sauka ake samun shi, lokacin da mutum ya gaji ya fara jan ƙafa.

Abba Ƙofar Ƙaura: Allah ya ƙara girma Baba. To yaya ake saukar?

Baba Lawal: Taku gajere, da sauri sauri, kada ka miƙe ƙafa gaba ka daki ƙasa da diddige. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a sake su taimaka maka. Idonka kada ya tsaya a kan yatsunka, ka riƙa kallon taku uku ko huɗu gaba. In hawa ya yi tsanani ka yi tafiya abinka ka dafa gwiwa, manyan 'yan gudun tsauni na duniya ma haka suke yi, ba abin kunya ba ne. Sannan ku daina lissafi da kilomita. Wanda ke cin kilomita 10 cikin awa ɗaya a Ring Road, a irin wannan wurin yana iya shafe awa biyu bai gama ba. Da lokaci ake lissafi, da kuma yawan hawan.

Ɗanladi: Slm jama'a. Ni a Jos na tashi kafin aiki ya kawo ni Katsina, bari in ɗan ce wani abu. Abba, Assop wuri ne mai kyau ƙwarai amma kada ka ɗauka za ka tarar da wata hanyar gudu da aka share aka kafa alamu, yawancin masu zuwa kallon ruwa suke zuwa su ɗauki hoto su koma. Abin da za ka bi turbobin mutanen ƙauye ne, waɗanda mata ke bi da itace a ka, masu kiwo ke bi da dabbobi, wata ta kai ka gona wata ta ɓace cikin ciyawa. Kusa da ruwan kuma duwatsun da feshin ruwa ke jiƙawa suna da gansakuka, kore shar, ka ga dutse kamar busasshe ka ɗora ƙafa kawai ka ji ka a ƙasa. Wanda ya yi baƙi yana sheƙi kada ka taka shi da gudu ko da wane irin takalmi ne a ƙafarka. Ƙarar ruwan ma wani abu ne, in kana ƙasa kusa da shi wanda ke bayanka ko ihu yake ba lallai ka ji ba, don haka ba a rabuwa. Ga sanyi, Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, mu nan Katsina kusan 500 ne, da asuba a watan Disamba haƙoranka har haɗuwa suke.

Nura: Kun ji ko. Ba hanya, ga santsi, ga sanyi

Ɗanladi: A'a Nura ban ce kada a je ba fa. Cewa na yi kada a je kai tsaye ba jagora. A sami ɗan wurin, a gaida mai unguwa a gaya masa ga mu ga abin da ya kawo mu, a biya yaron da zai shige gaba haƙƙinsa. Kuma Assop a ƙaramar hukumar Riyom take, kowa ya san yankin ya sha fama da rikici, wata rana lafiya wata rana ba lafiya, dole a tambayi mutanen can a satin tafiyar ba wata guda kafin nan ba. In ba ta yiwu ba akwai duwatsun Shere dab da Jos, ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, sai dai can tsauni ne da fili, ba za ka sami inuwar kurmi da ruwan da Abba ke mafarki ba.

Kabiru Daura: Ni fa abin da ke ba ni mamaki, kowa na maganar Filato kamar mu nan ba mu da komi. Ku zo Daura ku gani. Koramunmu da rani bushewa suke ƙaf, yashi ne zalla, wani wurin ruwa ya ci gaɓa har ta fi tsayin mutum, ka shiga ciki ka yi ta bi tana lanƙwasa, ga gawo ga kanya ga tsamiya a baki. Mu nan muna bin wata ta wajen hanyar dam ɗin Sabke, wlh minti arba'in a cikin yashin nan ya fi awa ɗaya da rabi a kwalta cin jiki. In kana son hawa ka hau gaɓar ka sauko, ka sake hawa ka sauko, har sai cinyarka ta gaya maka. Kyauta ne, kuma ka dawo gida ka karya kumallo da iyalinka

Baba Lawal: Kabiru ya kawo amsar tambayar Nura. Yashi na ƙarfafa idon sawu da sha raɓa sosai. Sai dai a fara a hankali, wanda ya afka masa da ƙarfi agararsa ce za ta fara ciwo, kuma ciwon agara ba ya saurin tafiya. Ku haɗa da matakalar filin wasa, hawa da sauka, sau biyu a mako ya isa.

Kabiru Daura: Matsalarmu ɗaya Baba, ƙarangiya da tsidau. Safa in ta kwashi ƙarangiya sai ka zauna ka yi ta cira ɗaya bayan ɗaya, tsidau kuma kambas mai siririn ƙasa huda shi yake

Abba Ƙofar Ƙaura: Kabiru na yarda korama wurin shiri ce, amma ba ita ce abin da nake nufi ba. Ni ina son mu ga ruwa mai gudu da rani, mu ji sanyin kurmi, mu san ƙasar nan tamu tana da irin waɗannan wurare. Ga Gurara a jihar Neja, ga Matsirga kusa da Kafanchan, ga Farin Ruwa a Wamba ta jihar Nasarawa, duk a waya muke ganinsu, yaranmu da yawa ko Kano ba su taɓa wucewa ba

Anti Rabi: Sannunku. Na karanta duka, bari in shigo ta ɓangaren aikina tunda ni ma'aikaciyar jinya ce. Abu na farko maciji. Lokacin da kuke maganar tafiya, wato bayan damina zuwa kaka, ciyawa ta yi tsawo kuma shi ne lokacin da sara ke yawa. Kububuwa ita ce ta fi yi wa mutane illa a arewacin ƙasar nan, ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta hana jini daskarewa yake, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da wurin saran. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna ne saboda yawan masu irin wannan saran. Don Allah ku riƙe wannan, in Allah ya kiyaye abin ya faru, ba a ɗaure ƙafa tamau da igiya, ba a tsagawa da reza, ba a tsotsa da baki. A kwantar wa mutum da hankali, a cire masa zobe ko agogo ko takalmi kafin wurin ya kumbura, a sa ƙafar ta zauna wuri ɗaya da ɗan itace kamar yadda ake wa karaya, a ɗauke shi kada ya taka, sai asibiti. Kuma tun kafin a fita a san wane asibiti ne mafi kusa da ke da allurar dafin, ba kowanne ke da ita ba. Kada kowa ya zura hannu cikin kogon dutse ko ya tsallake gungumen itace bai ga bayansa ba.

Kabiru Daura: Anti mu nan ma akwai ta ai, har da kasa da gamsheƙa

Anti Rabi: Ƙwarai kuwa ƙanena, da kai ma nake. Kuma koramar nan taka ta rani ce kaɗai. Da damina ko sama ta yi garau a kanka kada ka shiga, ana iya yin ruwa can nesa inda ba ka gani, ruwan ya taho a guje jajir da itace da komai, ga gaɓa ta fi tsayinka, ta ina za ka fita? A kwazazzabo mai dutse abin ya fi muni don ba inda ruwan zai bazu. Na biyu ruwan sha, kowa ya ɗauki nasa aƙalla lita ɗaya da rabi, da ƙullin gishiri da sukarin nan na kemis, da dabino ko ƙuli-ƙuli. Ruwan rafi komai haskensa kada a sha, kuma a rage yin wanka a inda ruwa ya kwanta saboda tsargiya.

Mubarak: Assalamu alaikum daga nesa, yanzu na tashi na tarar da saƙonni sun taru. Ni da nake karatu a jihar Oregon ta Amurka, kusa da mu akwai kwazazzabon kogin Kolombiya, tsawonsa kusan kilomita 130, wani wurin zurfinsa ya kai mita 1,200, kogin ne ya raba Oregon da jihar Washinton. Kurmi ne mai duhu, ga matsirgar ruwa birjik, wadda ta fi suna Multnomah tsayinta mita 189. Masu gudu na cika wurin a ƙarshen mako. Abin da ya bambanta shi da namu ba kyau ba ne, tsari ne, kowace turba da sunanta da allo a bakinta, an rubuta nisa, akwai taswira, in ƙasa ta zaftare ko itace ya faɗi a rufe hanyar a sanar, 'yan sa kai su fito da diga da shebur su gyara. Amma abin da ya sa na shigo shi ne maganar wuta. A watan Satumba na 2017 wani yaro ɗan shekara 15 ya jefa abin tartsatsin wasa cikin wani kwari a wurin, wuta ta tashi ta ci kusan eka 50,000, mutum sama da 150 masu yawon daji ta tare wa hanya sai a dajin suka kwana, daga baya kotu ta ɗora masa biyan sama da dala miliyan 36. Turbobi da yawa sun daɗe a rufe, har yanzu in ka bi za ka ga itatuwa tsaye baƙi ƙirin. To mu da hunturu ake ƙona daji, masu farautar gafiya da masu neman sabuwar ciyawa, kuma wuta ta fi gudu in tana hawan tudu, in kun hango hayaƙi ƙasa da ku kada ku ce za ku tsere mata ta sama.

Ɗanladi: Wannan gaskiya ne Mubarak, daga Disamba zuwa Fabrairu da dare in ka kalli duwatsun Filato za ka ga layin wuta ja. Shi ya sa ni Nuwamba na fi so, ruwa ya ɗauke, rafi ya ragu amma bai ƙafe ba, ƙona daji bai yi ƙarfi ba

Anti Rabi: Nuwambar kuma ita ce ta macizai, sai a sa dogon wando da safa mai kauri, jagora a gaba

Zainab: To ni tambayata, mu mata muna cikin tafiyar nan ko kuwa? Don na ga ana ta tsari ba a ambace mu ba, alhali mu ma muna fitowa sassarfa duk Asabar

Abba Ƙofar Ƙaura: Kuna ciki mana Zainab, in gida sun amince

Zainab: To a yi tsarin da mu tun farko, motarmu da masaukinmu daban, kuma Anti Rabi ta shige mana gaba don iyayenmu sun fi natsuwa in sun ji da babba. Maganar sutura kuma ina ba 'yan uwana shawara, dogon hijabi mai jan ƙasa a turbar dutse haɗari ne, ƙaya na kama shi kuma yana rufe maki inda za ki taka. Ƙaramin hijabi mai tsayawa a ƙugu, riga mai kai gwiwa da wando mai faɗi, an rufe jiki kuma ana ganin ƙafa

Anti Rabi: In Allah ya kai mu zan je, amma ni tafiya zan yi a baya da jakar magani, duk wanda ya gaji ya same ni

Nura: Bari in faɗi abin da ke cina tsakani da Allah, don ba maganar kuɗi kaɗai ba ce. Mu 'yan Katsina muna da daji. Dajin Rugu namu ne, ga duwatsun Dutsinma, ga dam ɗin Zobe, ga na Jibiya. Kakana ɗan wajen Batsari ne, muna yara can ake kai mu hutu, mu bi 'yan uwa cikin daji mu ci kanya da ɗinya har la'asar ba mai tambayar ina muke. Yau ko da rana tsaka ba wanda zai ce maka shiga. Dangina da yawa sun baro gonakinsu suna zaune a gari. Sai in ji ana cewa mu tafi dajin wasu mu yi gudu don nishaɗi, wlh zuciyata ba ta kwanta ba, kuma hanyar ma ai ta Falgore za a bi in ta Kano aka tafi, ita ma daji ce

Abba Ƙofar Ƙaura: Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa Nura. Ban kawo maganar don in taɓa maka ciwo ba

Baba Lawal: Amin. Nura ɗana na ji ka, kuma ba wanda zai ce ba ka da gaskiya. Ni ma na san wancan dajin lokacin da yake lafiya, mun kai ɗalibai wajen Runka sun ga itatuwan da a littafi kawai suke jin sunansu. Amma ni a ganina zaman da muka yi muka takure a kan kwalta bai dawo mana da Rugu ba. Yaran da ke tasowa yanzu ba su san turba ba, ba su san sawun dabba ba, daji a wurinsu wurin 'yan bindiga ne kawai, wannan ma asara ce babba. Ku dubi Obudu a jihar Kuros Riba, a 2005 suka fara tseren hawan tsauni na kimanin kilomita 11, wanda ya zo na ɗaya dala 50,000, 'yan Habasha da Kenya da Turawa suka riƙa zuwa. Ku dubi yaran Pankshin, sun yi suna a gudun fanfalaki a ƙasar nan, don a kan tudu suka tashi suna hawa da sauka. Ina son yaranmu su je su ga yadda ake yi, in Allah ya dawo mana da zaman lafiya a sami waɗanda suka san yadda za su fitar da turba a Dutsinma da Zobe. Amma ba dole, wanda ransa bai kwanta ba ya zauna, ba a jan mutum daji da ƙarfi.

Ɗanladi: Maganar hanya kuma da rana za a yi ta, a tashi bayan asuba a isa kafin la'asar, ko ta Kano da Saminaka ko ta Funtuwa da Zariya, direbobin tasha su suka fi mu sanin wadda ta fi lafiya a satin. Zan kira abokaina na can in ji halin da Riyom ke ciki da wanda zai iya yi mana jagora, abin da suka ce zan kawo nan yadda yake ba ƙari ba ragi

Mubarak: Ku sauke taswirar wurin a waya tun kuna gari don cikin kwari sabis ɗaukewa yake, kuma ku bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin da ya kamata ku fito

Kabiru Daura: To kafin nan a fara zuwa Daura Asabar mai zuwa, Katsina zuwa nan kusan kilomita 80 ne, ku taso bayan sallar asuba mu shiga korama kafin rana ta yi zafi, amma sai in an kwana biyu ba a yi ruwa ba kamar yadda Anti ta ce. Fura na wuyana. Kowa ya zo da takalmi mai kaurin ƙasa mai ƙurji, na gwanjo ma ya yi in dai ƙasansa bai cinye ba, kada a sayo sabo a fara sa shi ranar

Anti Rabi: Kabiru a ɗaga zuwa bayan ɗaukewar ruwa gaba ɗaya, wannan Asabar ɗin a yi matakala a Karkanda

Kabiru Daura: To Anti, an ɗaga

Nura: Ku sa sunana a na Karkanda da na Daura. Na Filato a bar ni tukuna sai na ji abin da Ɗanladi zai kawo

Zainab: Ƙarfe nawa a Karkanda? Mu daga Ƙofar Marusa za mu taho mu huɗu